'Yan kwana-kwanan New York da namu na Kano

Ni fa abin da ya fi ba ni mamaki da 'yan kwana-kwanan New York ba jajayen motocin ba ne, maganar farko ce da ogansu yake yi a oba-oba da zarar sun iso wajen gobara. Kafin a ja tiyo ko ɗaya sai ya faɗi irin ginin, hawa nawa ne, na bulo ne ko katako, faɗinsa da tsawonsa, mutane ke kwana ciki ko shaguna ne, ta wane ɓangare hayaƙi ke fita. Motocin da ke hanya duk suna ji, kowa ya san da wane shiri zai sauko.

A Amurka gini kashi 5 suka raba shi, tun daga na kankare da ƙarfe wanda wuta ba ta cin jikinsa, har zuwa na katako zalla wanda kafin ka ce kwabo rufin ya rufto. Kuma ba iyayi ba ne wallahi, don a dogon bene na kankare cewa ake ka zauna ɗakinka ka rufe ƙofa in dai ba a wajenka wutar take ba, a na katako kuwa fita kawai. Mu nan Bronx, wani yanki na New York, mun ga abin da idonmu a Janairun 2022, bene mai hawa 19, hitar ɗumama ɗaki ce ta tada wutar, ƙofa ta tsaya a buɗe, hayaƙi ya bi matakala ya kashe mutum 17 yawancinsu 'yan Gambiya, Allah ya jikansu. Ginin yana nan tsaye, hayaƙin ne ya yi ɓarna.

To a gida fa? Mu in mun kira sai ihu, gobara ku zo ku zo, kwatancen ma bayan gidan mai ne kusa da mai shayi. Ba mai cewa ginin ƙasa ne mai azara, ko mai rufin kankare ne, ko rufin kwano da silin, balle ya faɗi akwai jarkokin fetur da tukunyar gas a ciki. Kuma gaskiya ginin namu ma ya za a kwatanta shi, ƙasa shago, sama an ɗora sito cike da atamfa, gefe an kafa rumfar katako ta toshe lungu, duk ba a takarda. Gobarar kasuwar Sabon Garin Kano ta 2016 dubban shaguna ta lashe.

Na san wani zai ce malam ruwa ma ya ishi motar tukuna. Haka ne, nan kusan kowane layi da famfon kashe gobara, can sai abin da tanki ya ɗauko. Amma ai mai tanki ɗaya shi ya fi buƙatar a gaya masa irin ginin tun yana hanya, kuma shugabannin kasuwa za su iya zana taswirar layukansu su miƙa wa 'yan kwana-kwana ko a wannan satin.