Ina Rawanina a Cikin Tambarin?

Ɗanboko ya buɗe kwamfuta a gaban Dagaci. Sarkin Fada ya fara gyaɗa kai tun kafin allon ya kawo haske.

ƊANBOKO: Ranka ya daɗe, ga tambarin garinmu. Tsohuwar bishiyar bakin gari, da layin rafi a ƙarƙashinta. Launi biyu kacal, kore da ruwan ƙasa.

DAGACI: Ina nake?

ƊANBOKO: Ai tambarin gari ne, ranka ya daɗe.

DAGACI: To ni baƙo ne?

SARKIN FADA: Kai ne gari, gari kai ne! Allah ya ja zamani!

DAGACI: Sa ni a ciki. Da rawani, da sanda, a kan doki. Dokin ya ɗaga ƙafar gaba.

ƊANBOKO: Tambari sai ya fito a allon bakin hanya, ya kuma fito a ɗan gurbin nan na saman shafin intanet, mai fiksel (ƙananan ɗigon allo) 16 tsawo, 16 faɗi. A wannan girman, kai da doki da sanda za ku koma kamar kashin ƙuda.

SARKIN FADA: Hattara dai, yaro!

ƊANBOKO: Tuba nake. Amma gwaji biyu ake yi wa kowane tambari: a ƙanƙance shi, sannan a mayar da shi baƙi da fari saboda hatimi da fotokwafi. In ba a gane shi ba, sai a sake zane.

DAGACI: To a ƙara launi. Bakwai nake so, har da ruwan zinare.

ƊANBOKO: Allon waya da haske yake haɗa launi, RGB. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu, CMYK. Zinaren da ke ƙyalli a waya, in an buga a takarda rawaya mai duhu yake fitowa. Shi ya sa muke tsayawa a launi biyu ko uku, mu rubuta lambar kowanne, don mai buga riguna da mai buga kalanda su fitar da kore iri ɗaya. Kuma ba a rubutu da rawaya a kan fari. Ƙa'ida ita ce bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, in ba haka ba mai raunin ido ba zai karanta ba.

DAGACI: Ni idona garau yake.

Ya faɗi haka yana kallon bayan kwamfutar.

DAGACI: Har yanzu ban ji inda ka ajiye ni ba.

ƊANBOKO: (ya numfasa) Kana bayan bishiyar, ranka ya daɗe. Shi ya sa ba a ganinka.

SARKIN FADA: Wallahi ga bakin rawanin can yana leƙowa!

DAGACI: Na gani. Ka ƙara wa bishiyar kauri, ta matse ni. Sannan ka tura wa mai allo ta WhatsApp.

ƊANBOKO: In an tura a matsayin hoto, WhatsApp matse shi yake yi, da an faɗaɗa sai gefensa ya dagargaje. Ainihin tambari a nau'in fayil ɗin zane mai suna SVG ake ajiye shi, ko za a ja shi ya rufe bango ba ya fashewa. Salon haruffa kuma biyu sun isa, na kanu da na bayani, kuma sai mun tabbatar suna da ɓ da ɗ da ƙ. Wanda ba su da su, ko dai ya nuna akwati, ko ya aro harafin daga wani salon ya tsaya a karkace.

DAGACI: Sai sunan shafin intanet na gari. Sarkin Fada, ba shi.

SARKIN FADA: Toron giwa, hadari sa gabanka inda ka so, bango madafar bayi, uban marayu, gagara...

ƊANBOKO: Tsaya, Baba. Sunan da ke cikin adireshin shafi ba ya wuce harafi 63, ba a barin fili a tsakani. Kuma baƙo da yatsa zai latsa shi. Sunan gari kawai, gajere.

DAGACI: A yanke uban marayu, su sun san ni.

ƊANBOKO: Sunan gari kawai, ranka ya daɗe. Kuma haya ce, duk shekara ake sabuntawa, haka ma wurin da ake ajiye shafin. In aka manta, shafi ya mutu, wani na iya saye sunan.

DAGACI: A garina? Wa ya ba shi izini?

Babu wanda ya amsa. (Kwamitin da za a ɗora wa sabuntawar, rabonsa da zama tun ranar da aka ɗauki hoton ƙaddamar da shi.)

DAGACI: Shafin farko kuwa, na zaɓi hotunana 40.

ƊANBOKO: Hoton waya ɗaya yakan kai megabait 5. Sau 40, megabait 200 ke nan. Nan da sai an hau tudu ake samun sabis, baƙo zai tsufa shafi bai buɗe ba. Hoto ɗaya babba ya isa a gaba, faɗin fiksel 1,600, a matse shi ƙasa da kilobait 200. Kuma fasalin waya ake fara tsarawa kafin na kwamfuta. Shafi biyar muke bukata: maraba, tarihi, abin gani, yadda ake zuwa, da tuntuɓa. Kai kana cikin tarihi.

DAGACI: Tarihi? Mutuwa na yi?

SARKIN FADA: Ba amin ba!

ƊANBOKO: Tare da kakanninka, kai ne na ƙarshe a jeri.

DAGACI: A juya jerin.

ƊANBOKO: A shafin hanya za mu sa alamar gari a Google Maps, da nisa daga babban titi, mu kuma gaya wa baƙo cewa da damina ƙaramar mota ba ta wuce gada.

DAGACI: Rubuta kwalta ce shimfiɗe.

ƊANBOKO: Baƙon da ya kafe a laka shi zai rubuta mana sharhi, da hoto.

DAGACI: Ai sau uku ana ƙaddamar da aikin hanyar nan. In ka haɗa, ta kusa gamuwa.

ƊANBOKO: Saura lambar waya, wadda za a riƙa ɗagawa.

DAGACI: Sa tawa. Amma ba na ɗaukar baƙuwar lamba.

Ɗanboko ya dafe goshi.

ƊANBOKO: Na ƙarshe: a yi rajistar shafin da imel ɗin ƙungiyar gari, kada a yi da nawa. Mutum biyu amintattu su riƙe kalmar sirri, doguwa, aƙalla harafi 12, da lambobi a ciki. Kada a sa sunan kowa.

DAGACI: Na riga na zaɓa. Dagaci123.

ƊANBOKO: Ranka ya daɗe, kowa zai iya cankarta.

DAGACI: Sai in hana. Sarkin Fada, fita ka yi shela: duk wanda ya kuskura ya shiga shafin gari da Dagaci123, ya kuka da kansa.

SARKIN FADA: Da babban baƙi ko da ƙarami, ranka ya daɗe? Kada su yi kuskure.