Manhaja Na Ba Ku Kyauta, Ban Ba Ku Kaina Ba

Jiya da ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare waya ta tashe ni. Wani mai shago ne a wajen Ƙofar Ƙaura, wai firintarsa ta ƙi jan takarda. "Malam, ba kai ne ka yi manhajar lissafin shagon nan ba?" Na ce ni ne. "To ai tun da na saka ta abin ya rikice." Jama'a, me ya haɗa kifi da kaska?

Manhajar nan da dare nake rubuta ta, bayan na taso daga aikin da ke ciyar da ni. Datar tawa ce, man janareta nawa ne, idon da ke yin ja kuma nawa ne. Na ɗora ta a GitHub, shafin intanet da ake ajiye manhajoji, da lasisin manhajar kyauta na GPL, wanda ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa babu garanti. Kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba, ban nemi ko sisi ba. Amma yau a Katsina ni ne malamin koyarwa, ni ne mai fassara, ni ne mai gyaran firinta, har alƙalanci nake yi in aka kaure da gardama a zauren WhatsApp. Wani dattijo, Allah Ya ƙara masa lafiya, har gida ya same ni da kwamfutarsa a buhun shinkafa, ya ce jikansa ne ya manta lambar sirri. Na buɗe masa, don ba a mayar da furfura. Ranar ko layi ɗaya ban rubuta ba.

Masu cewa "ai taimako ne, ka haƙura" su je su tambayi abin da ya faru da xz, 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace na'ura mai Linux, wato babbar manhajar kyauta da ke tafiyar da kwamfuta. Wani mai rubuta manhaja, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita kusan shi kaɗai. A 2022 wasu suka riƙa matsa masa lamba, wai ya cika jan ƙafa, shi kuwa ya gaya musu a gajiye yake kuma ba biyansa ake yi ba. A haka wani mai kiran kansa Jia Tan ya samu shiga, ya dasa ɓarauniyar ƙofa a ciki, wato hanyar shiga na'urorin mutane a asirce. Sai a Maris 2024 wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya gano, shi ma don ya ga shiga wata na'ura ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa ne. Gajiyar mutum ɗaya ta kusa jawo wa duniya bala'i.

Ku dubi LibreOffice mana, manhajar aikin ofis ta kyauta. Masu rubuta littafin jagora daban, masu fassara daban, masu gwaji daban. Fassara “ajiye” da “goge” ba ta buƙatar sanin Python, yaren rubuta manhaja. Kai da ka iya Hausa, ka san ƙ da ɗ da ɓ, me ya hana ka?

Da safe na rubuta a zauren cewa ina neman mutum ɗaya, ɗaya tak, ya rubuta bayanin yadda ake saka manhajar a shafi biyu. Mutum uku suka turo hoton babban yatsa. Na huɗun ya ce, "Malam, yaushe ta iPhone za ta fito?"