Mai neman magani ya fi mai ɓoye kwalba tsira a tantancewar sirrin Amurka

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin sojoji da ma'aikatan kwangilar tsaro a Amurka, wai duk wanda ya je cibiyar gyaran hali saboda giya to izininsa na ganin sirrin gwamnati ya tafi ke nan. Ni dai ban yarda ba, kuma ka'idar da kanta ba haka ta ce ba.

Ka'idojin da ake tantance mutum da su, waɗanda suka fara aiki a 2017 ƙarƙashin wani umarnin gwamnatin Amurka da ake kira SEAD 4, guda 13 ne. Na shan giya shi ne sashe na G. Damuwar gwamnati a can ba ta halal da haram ba ce, ta amana ce: mutumin da barasa ke juya masa kai, shin zai iya riƙe bakinsa? Kuma suna da hujja. Aldrich Ames na CIA, wanda aka kama a 1994 yana sayar wa Rasha sirri, abokan aikinsa sun daɗe da sanin mashayi ne. Ya taɓa mance jaka ɗauke da takardun sirri a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York, amma aka ci gaba da kau da kai.

To a wannan sashen dai an rubuta abubuwan da ke wanke mutum. Ya amsa cewa yana da matsala, ya shiga magani, ya kammala, ya bi shawarar likita bayan an sallame shi, an kuma ga lokaci ya ja bai koma ba. Wato takardar kammala magani shaida ce a hannunka.

Inda mutane ke cutar da kansu shi ne SF-86, fom ɗin da mai neman izinin ke cikewa. Yana tambaya ƙarara ko ka taɓa neman magani saboda giya, ko an taɓa umartarka ka nema. Sai mutum ya rubuta "a'a". Mai bincike kuwa zai zauna da tsohuwar matarka da maƙwabcinka, ya duba rajistar 'yan sanda ya tarar an taɓa tsayar da kai kana tuƙi a buge. Daga nan maganar ta tashi daga sashen G ta koma sashen E, na rashin gaskiya, wanda wankinsa ya fi wuya nesa ba kusa ba. Ƙarya a fom ɗin laifi ce da kan iya kai mutum gidan yari har shekara 5. 'Yan uwanmu Musulmi da ke aiki can su na fi ji wa tsoro, don kunyar a ce "wane yana sha" ta isa ta sa su zaɓi "a'a".

Abin da ban gamsu da shi ba ɗaya ne. Sassaucin da ake yi wa wanda ke kan magani an ɗaura shi da cewa bai taɓa yin magani ya koma ruwa ba. Alhali likitocin shaye-shaye sun san komawa abu ne da ke yawan faruwa kafin a rabu da kwalba. Wanda ya zame sau ɗaya, ya san zuwa na biyu zai iya cin aikinsa, me zai kai shi asibiti kuma? Ga shi Kotun Ƙoli, a shari'ar Egan ta 1988, ta wani ma'aikaci da aka hana wa izinin, ta ce babu mai haƙƙin mallakar wannan izini, kuma in shakka ta shigo ana rinjayar da ita wajen tsaron ƙasa ne, ba wajen ma'aikaci ba.