Kifin tuna: mai aron gona ya ce gonar tasa ce

Jama'ar Damagaram, duk mai ɗan'uwa da ke sayar da garba a Abijan ya tsaya ya karanta. Kifin da suke soyawa su ɗora kan acheke tuna ne, kuma da yawansa ragowar manyan jiragen Faransa da Sipaniya ne, wanda masu sa kifi a gwangwani suka ƙi. In ya yi tsada can, abin da ake aiko mana gida sai ya ragu. Ba mu da teku, amma rigimar rabon tuna tsakanin ƙasashe ta shigo har tukunyarmu.

Dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasar gaɓa ikon ruwa har mil 200. Sai dai tuna ba ya zama wuri ɗaya, shi ya sa aka kafa hukumomin da za su raba wa kowa abin da zai kama. To da wane mudu za a auna? Masu manyan jirage, Tarayyar Turai a gaba, suka ce a duba abin da kowa ya kama a baya. Har wanda jirginsu ya kwasa cikin ruwan wata ƙasa, wai a rubuta shi da sunansu! Kamar ka ba mutum aron gona don ba ka da shanun noma, ranar rabon gado ya zo da lissafin damman da ya girba. Indonesiya da Maldibis sun ce kifin na mai ruwa ne, ni ma nan na tsaya. Tun 2011 hukumar rabon tuna ta Tekun Indiya ke wannan mahawara.

A Fabrairun 2023, a taron hukumar a Mombasa ta Kenya, ƙasashen gaɓa suka yi rinjaye a ƙuri'a: a dakatar da tarkuna masu yawo kan ruwa, waɗanda jirage ke saki don kifi ya taru ƙarƙashinsu, kwana 72 a shekara, don suna tara ƙananan kifin da bai kai haihuwa ba. Tarayyar Turai ta ce ba ta yarda ba, kuma a ƙa'idar hukumar wanda ya ƙi, hukuncin bai hau kansa ba. Wace irin ƙuri'a ce wannan?

Abin da ya fi ci mini rai, Seshel, ƙasar tsibirai a Tekun Indiya, ita ma ta ƙi, ita da ke cikin ruwan tsundum. Ban ga laifinta sosai ba, masana'antarta ta gwangwani da kifin jiragen nan take aiki, dubban mutane na ci a ciki.