Abin da Nairobi ta samu, Kano ta rasa

Duk lokacin da maganar tsadar rayuwa ta taso tsakanina da 'yan uwa a gida, sai wani ya ce zanga-zangar lumana ta zama tsohon yayi, gwamnatocin yanzu ba sa jin lallami sai sun ga hayaƙi. Ni da ke zaune a Nairobi ban yarda da wannan magana ba, ko da yake na san inda ta samo asali. A 2024 Kenya da Najeriya sun fita titi, tsakaninsu bai kai wata biyu ba, kuma kukan iri ɗaya ne, amma sakamakon ya sha bamban. Ban ga alamar cewa matasan Kenya sun fi namu jarumta ba. Abin da suka fi mu shi ne sun san takamaimai abin da suka fito nema.

Abin da ya tayar da ƙura a nan shi ne ƙudirin dokar kuɗi na 2024, wanda gwamnatin William Ruto ta kai majalisa domin tara ƙarin haraji. A ciki akwai harajin kashi 16 cikin ɗari a kan burodi, da kashi 2.5 na darajar mota duk shekara, da wani harajin muhalli da zai taɓa har audugar mata da kunzugun jarirai. Matasa ba su tsaya zagi kawai ba. Sun ɗauki ƙudirin sun bi shi sashe-sashe, suka fassara shi zuwa Suwahili da harsunan ƙabilu, suka yi gajerun bidiyo a TikTok suna bayani yadda kakar da ke ƙauye za ta gane. Suka yaɗa lambobin wayar 'yan majalisa, kowa ya nemi wakilin mazaɓarsa ya tambaye shi ina zai jefa ƙuri'arsa. Wasu wakilan sai da suka kashe wayoyinsu. Likitoci 'yan sa-kai suka kafa wurin jinya a masallacin Jamia da ke tsakiyar birni, aka riƙa tara kuɗin asibitin waɗanda suka jikkata ta waya. A ranar 18 ga Yuni, ranar da aka fara fita, gwamnati ta ce ta cire harajin burodi da na mota. Matasan suka ce ba gyara suke so ba, a jefar da ƙudirin gaba ɗaya. Buƙata ɗaya ce tal, kuma akwai mutum ɗaya da zai iya biyanta da alƙalaminsa.

Na san abin da mai jayayya zai ce, kuma yana da hujja. A ranar 25 ga Yuni majalisa ta amince da ƙudirin, masu zanga-zanga suka kutsa harabarta, wani ɓangare ya kama wuta, 'yan sanda suka buɗe wuta aka kashe mutane. Washegari Ruto ya fito ya ce ba zai sa hannu ba. To ba wutar ce ta yi aiki ba? A ganina wutar gwamnati ta amfana da ita: a daren nan Ruto ya kira abin cin amanar ƙasa, aka fito da sojoji. Abin da ya karya masa gwiwa shi ne faɗin abin. An fita a yawancin gundumomi 47 na ƙasar, har da Eldoret, tungarsa ta siyasa. A ƙasar da ko da yaushe ake raba kan jama'a da ƙabila, ya rasa wadda zai ɗora wa laifi. 'Ya'yan masu hali da 'ya'yan unguwannin talakawa suna tafe tare, ɗauke da tutar ƙasa da gorar ruwa da waya. Irin wannan taro lumana ce ta tara shi a makon da ya gabata. Da da ƙone-ƙone aka fara, da iyaye ba su bar 'ya'yansu sun fita ba, da malaman coci ba su buɗe baki ba.

Yanzu a dubi namu. An kira zanga-zangar kwana goma daga 1 ga Agusta, kuma kowa ya san yunwar gaskiya ce, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira ta faɗi. Amma me ake nema? Jerin buƙatun ya yi tsawo, kowace ƙungiya da nata: a dawo da tallafi, a rage kuɗin wuta, a gyara tsarin mulki, a saki wane da wane. Wanda ya nemi komai a lokaci guda ya ba gwamnati damar kada ta ba shi komai, kuma haka aka yi a jawabin da Tinubu ya gabatar ranar 4 ga Agusta. A Kano kafin la'asar ɗin ranar farko 'yan daba sun ƙwace abin, an yi wawason cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa wadda ko buɗe ta ba a yi ba, gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24. Sai ga tutar Rasha a Kano da Kaduna, wasu na kiran soja su karɓi mulki. Wannan kuwa kyauta ce aka miƙa wa hukuma a faranti, domin daga nan aka daina maganar farashin masara aka koma maganar cin amanar ƙasa.

Ba wanke hukuma nake yi ba. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24, dukkansu a jihohin Arewa. Kuma babu wanda zai manta da yaran da aka kama a zanga-zangar aka gurfanar a babbar kotun tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, sun rame bayan kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi, aka sa musu belin naira miliyan 10 kowanne. Amma a lura da abin da ya fito da su: hotunansu ne suka zaga duniya, kunya ta kama gwamnati, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ba a jefi ko da tagar mota ɗaya ba a kan wannan.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke saurin manta tarihinmu. A ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Jama'a suka fita, har aka yi zaman dirshan a shataletalen Silver Jubilee a Kano. Amma abin da ya durƙusar da gwamnati shi ne yajin aikin da ƙungiyoyin ƙwadago NLC da TUC suka fara ranar 9 ga wata: bankuna a rufe, kasuwanni a rufe, ma'aikatan mai na barazanar tsayar da haƙo. Bayan mako guda lita ta dawo naira 97. Ko a 2024 ɗin ma, a farkon watan Yuni ma'aikata sun kashe babban layin wutar ƙasa sun tsayar da jirage, kuma kafin Yuli ya ƙare an sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 daga 30,000. Ana iya cewa kuɗin bai kai ya kawo ba, kuma gaskiya ne. Sai dai da Agusta ta zo, 'yan ƙwadago sun riga sun karɓi nasu sun koma gefe, malamai da sarakuna da yawa sun yi ta kiran a zauna a gida, aka bar titi a hannun yara da ba su da wanda zai tsare su, balle wanda zai yi magana da yawunsu. A watan Satumba man fetur ya ƙara tashi, ya haura naira 850 a gidajen man gwamnati.

Kada kuma in sayar muku da Kenya a matsayin aljanna. Gomman mutane sun mutu, an sace matasa da dama da rana tsaka, wasu har yau iyayensu na nemansu. Ruto ya rusa majalisar ministocinsa ranar 11 ga Yuli, sannan ya dawo da wasunsu, ya haɗa da manyan jam'iyyar adawa ta Raila Odinga, sai aka wayi gari babu 'yan adawar kirki a majalisa. Wasu daga cikin harajin sun sake shigowa ta wasu dokokin kafin ƙarshen shekara. Matasan suna alfahari da cewa ba su da shugaba, wanda ya sa aka rasa wanda za a saya ko a kama a kashe maganar, amma da aka zo zaman rabo su ma ba su da kowa a teburin, 'yan siyasar da suka saba ne suka zauna. Da suka sake fita a watan Yunin 2025, bayan mutuwar wani malamin makaranta Albert Ojwang a hannun 'yan sanda, an ga 'yan banga a kan babura riƙe da gora suna dukan masu zanga-zanga a gaban jami'an tsaro, salon da duk ɗan Kano zai gane da kallo ɗaya.