Littafin da ake sabuntawa duk shekara, da motar da ke shekara biyar a gareji

A jihar Utah ta Amurka, kusa da garin Wendover, akwai wani fili da ake kira Bonneville. Gishiri ne zalla a shimfiɗe, fari fat iya ganinka, ragowar wani tsohon tafki da ya ƙafe. Duk watan Agusta, idan ruwan sama bai ɓata lissafi ba, ɗaruruwan mutane kan janyo motoci da babura zuwa wurin, yawancinsu ƙirar hannu ce da aka haɗa a garejin bayan gida. Ba a jera su a sake su tare kamar sukuwar dawaki. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu a kan miƙaƙƙen layi, kuma agogo ne abokin karawar kowa. Babu kyautar kuɗi ko sisi. Wanda ya kafa tarihi da gudun da ya haura mil 200 a awa, wato kimanin kilomita 322, ya kuma cika sharuɗɗan ƙungiyar masu wannan matsayi, abin da zai koma gida da shi jar hula ce. A kan wannan hular wani kan ƙarar da kuɗin fanshonsa.

Masu shirya taron su ne ƙungiyar SCTA ta kudancin Kalifoniya, wadda aka kafa a 1937, ta kuma fara makon gudu na Bonneville a 1949. 'Yan sa-kai ne ke tafiyar da ita. Kowace shekara takan fitar da sabon littafin dokoki, inda ake buga abin da aka sauya da manyan baƙaƙe masu kauri don ido ya faɗa kansa da wuri. Kowace shekara kuma sai an yi gunaguni. Ni dai ina ganin sabunta littafin dole ne, amma masu gunagunin suna da gaskiya a wani ɓangare, kuma an fi samun ruɗani ne saboda ana haɗa dokoki iri biyu a kwando ɗaya: wadda ke tsare ran direba, da wadda ke fayyace wa zai kara da wa.

A fara da kukan masu kuka, domin ba na banza ba ne. Ɗauki mai walda ko bakanike da ya yi ritaya, yana haɗa motarsa da yamma da ranakun hutu, yau ya sayi bututun ƙarfe, sai bayan wata uku ya iya sayen taya. Irin wannan aiki kan ci shekara biyar, wani lokaci goma. Ya lanƙwasa kejin ƙarfen da zai kare shi bisa littafin shekarar da ya fara, kafin ya ɗaure noti na ƙarshe an buga littafi biyar. Hular kwanon da ya saya tun farko tana nan a kwali ko gumi ba ta taɓa sha ba, amma gidauniyar Snell da ke gwajin huluna tana fitar da sabon ma'auni duk shekara biyar, kuma ƙungiyoyin tsere kan daina karɓar tsofaffin tambura bayan wani lokaci. Bel ɗin ɗaure jiki ma yana da kwanan wata a jikinsa, idan wa'adinsa ya cika ya cika ko da ba a taɓa amfani da shi ba. Attajiri mai ma'aikata zai ɗaga waya ya yi odar sabo. Mutumin gareji kuwa sai ya zaɓa tsakanin sabuwar hula da kuɗin man da zai kai shi Utah.

Duk da haka, a fannin tsaro ban ga wurin ciniki ba. Ita kanta gidauniyar Snell sunan wani direba ta ci, Pete Snell, wanda ya mutu a tseren 'yan sha'awa a 1956 bayan hularsa ta gaza kare shi, aka kafa ta a shekarar da ta biyo baya. Da yawa daga dokokin tsaron wasannin mota haka suka shigo, bayan an riga an yi jana'iza. Littafin SCTA ya wajabta laimar birki, irin ta masu dirowa daga jirgi, ga motar da za ta yi gudun mil 175 zuwa sama, idan kuma za ta wuce 300 sai laima biyu masu zaman kansu. Direba ba ya tashi haka kawai ya taka totur iya son ransa. Lasisi hawa-hawa ne: sai ya nuna ya iya riƙe mota tsakanin mil 125 da 149 kafin a bar shi ya shiga 150, daga nan 175, daga nan 200. Kafin a ba mota izini, masu bincike kan sa direban ya shiga da cikakkun kayansa, a ɗaure shi tamau, sannan ya nuna musu zai iya kashe inji, ya kunna na'urar kashe gobara, ya fito da kansa ba tare da an kama masa ba. Wanda ke ganin wannan takura ce, ya tuna cewa idan wuta ta tashi a mil na huɗu, masu ceto sai sun yi tafiya kafin su iso shi.

Kuma duk da wannan tsantseni ana mutuwa. Bill Warner, wanda ya kai mil 311 a kan babur a 2011, ya rasu a 2013 a filin Loring na jihar Maine, a taron wata ƙungiyar daban. A Agustan 2025 Chris Raschke ya rasu a makon gudu na Bonneville a cikin motar tawagar Speed Demon, tawagar da George Poteet ya kafa tarihin mil 470 da ita a 2020, kuma babu wanda zai ce mata ba ta san aiki ba. Ƙungiyar da ta binciki hatsari ta gano wani abu, sannan ta naɗe hannu don kada ta ɓata wa wani kasafin kuɗinsa, ta ci amanar wanda zai hau layin gobe.

Akwai wani dalili da masu kewar da can kan manta. Filin ma ba shi ne na da ba. Gishirin ya yi ta raguwa cikin shekaru, layin da a da ya kai kimanin mil 13 ya gajarce sosai, ana ta muhawara a kan rawar da haƙar ma'adinin fotash da sauyin yanayi suka taka. An soke makon gudu a 2014 da 2015, aka sake sokewa a 2022 saboda ruwa ya malale filin. A gefe guda kuma ƙarfin inji ya yi arha: da turbo, wato na'urar dura wa inji iska, da 'yar kwamfutar sarrafa mai, ƙaramin inji na yau yana ba da ƙarfin da a da sai ƙato. Mota ta ƙara gudu, wurin tsayawa ya ragu. Idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Ko Danny Thompson, da ya fito da motar Challenger 2 da mahaifinsa Mickey ya ƙera a 1968, sai da ya sake mata kayan ciki daidai da dokokin zamani kafin ya kafa tarihin mil 448 da ita a 2018. Gadon uba bai sa an ɗaga masa ƙafa ba.

Inda nake tare da masu gunaguni shi ne dokokin aji. Nan ne mudun kasuwar yake. Littafin ya kasa injuna bisa girman cikinsu, daga ajin AA na manya masu sama da lita 8 har zuwa ajin K na 'yan ƙanana da ba su wuce rabin lita ba. Ya raba mai amfani da fetur da mai amfani da wasu makamashi, ya raba injin da ake dura wa iska da wanda ke shaƙa da kansa. Sannan ga siffar jiki: doguwar mota mai kama da harsashi wadda aka rufe tayoyinta tana ajinta, wadda tayoyinta ke waje tana nata, irin waɗanda aka fara ƙerawa da tankunan man jiragen yaƙi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Motar da aka sayo daga kamfani kuma akwai iyakar abin da za a taɓa a jikinta. Kowane aji yana da lambarsa ta tarihi da sunan mai ita.

To a nan, layi ɗaya idan aka gyara, an taɓa mutum biyu. An taɓa wanda ke gareji, da ya auna tsawon hancin motarsa bisa tsohuwar doka. An kuma taɓa wanda ya kafa tarihi shekara ashirin da suka wuce, mai yiwuwa ma ba ya duniya. Idan aka sassauta dokar, sabon shiga zai karya lambarsa da abin da shi aka hana shi, alƙalami ne ya kayar da shi kenan. Idan aka tsananta, lambarsa ta zama dutsen da ba mai iya ɗagawa, ajin ya mutu a tsaye. Mai awo ya san haka: ranar da aka sauya mudu, duk bashin hatsin da ke rubuce ya zama abin rigima.

Masu gyara suna da amsarsu, kuma ba ta raini ba ce. Masu tseren nan mutane ne da ke karanta doka da idon neman kafa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani zai zo da wata dabara da marubutan dokar ba su taɓa tunaninta ba, wadda ba ta saɓa wa kalma ba amma ta saɓa wa nufi. Dole a toshe. Wani lokaci kuma duniya ce ke kawo abin da littafin bai sani ba. Injin lantarki ba shi da silinda balle a auna cikinsa, shi ya sa aka kasa motocin lantarki bisa nauyi: ƙasa da kilo 500, daga nan zuwa 1,000, sai waɗanda suka haura. Wannan gyara ne mai ma'ana. Amma toshe kafa daban, hukunta mai basira daban. Idan mutum ya bi doka ya yi nasara da wayonsa, shekara na zagayowa aka haramta dabararsa ba tare da bayani ba, abin da sauran za su koya shi ne kada su yi tunani. Wasan kuwa tun asali na masu tunani ne da sifana a hannu.

Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba. Masu zama a kwamitocin dokoki su ma 'yan wasan ne, ko abokan 'yan wasa. Alheri ne ta wani gefen, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gara su da wani jami'in ofis da bai taɓa shaƙar ƙurar El Mirage ba, wato busasshen tafkin Kalifoniya inda SCTA ke yin wasu tarukanta na gudu. Amma ko da kowa a cikinsu waliyyi ne, wanda doka ta fitar da motarsa daga aji zai yi zargi, kuma zargi kaɗai ya isa ya lalata zumuncin ƙungiyar sa-kai. Maganinsa mai arha ne: a rubuta dalilin kowane gyara a fili, a faɗi matsalar da aka gani, wanda gyaran ya shafi ajinsa kuma ya janye daga ƙuri'ar.

Nauyin ya wuce Kalifoniya. Ƙungiyar USFRA da ke shirya nata taron a Bonneville a watan Satumba da wannan littafin take aiki. Ƙungiyar DLRA ta Ostireliya, mai gudu a tafkin gishiri na Gairdner, a kansa ta gina nata dokokin. Hukuncin da wasu 'yan tsiraru suka yanke a ɗakin taro yana iya sa wani a wata nahiya ya yanke waldar da ya yi wata shida yana yi.

Abin da zan so in gani bai da yawa. Dokar tsaro da ta taso daga hatsari ko daga gwajin da ya nuna haɗari ta fara aiki nan take, kowa ya yi haƙuri. Dokar tsaro da ci gaba ce kawai, kamar sabon tambarin hula, a sanar da ranar fara aikinta tun da nisa, yadda mutum zai tsara sayayyarsa. Dokar aji kuwa a ba ta shekara biyu aƙalla tsakanin sanarwa da aiki, kuma tunda kowace mota tana da ɗan littafinta na bincike da ke bin ta, ba wuya a gane wadda aka riga aka gina bisa tsohuwar doka a ba ta wa'adi. Sabon aji kuma kada a buɗe shi don kawai mutum uku sun roƙa. Azuzuwan sun riga sun kai ɗaruruwa, kuma ajin da babu kowa a cikinsa, duk wanda ya fara shiga shi ne zakara. Shi ya sa ƙungiyar jar hula ta sa nata mafi ƙarancin gudu ga irin waɗannan azuzuwa, don kada hular ta zama ta kowa.

Idan na ga samarinmu suna wasa da mota ko babur a titi ranar ɗaurin aure, babu hula babu alƙali, nakan ce sha'awar ɗaya ce da ta mutanen Bonneville. Bambancin shi ne can idan ka wuce tsohuwar lamba ba a tafa maka tukuna. Sai a killace motar ta kwana a hannun jami'ai, washegari da sassafe ka sake gudu, a haɗa biyun a raba, sannan a auna cikin injin a tabbatar bai wuce ajinsa ba. Idan ya wuce, gudun ya tashi a banza.

Burt Munro, dattijo ɗan New Zealand, yana da shekara 68 lokacin da ya kafa tarihi a Bonneville a 1967, a kan babur ƙirar Indian na 1920 da ya yi shekaru yana gyarawa da hannunsa a wata 'yar rumfa a garin Invercargill. An rubuta masa mil 183.586 a awa a ajin injunan da girman cikinsu bai kai lita ɗaya ba. Ya rasu a 1978. A 2014 ɗansa ya duba takardun ya gano an yi kuskuren lissafi wajen haɗa gudun biyu, ƙungiyar babura ta Amurka ta sake lissafawa, ta gyara lambar zuwa 184.087.