Ƙarfen da ke jikin ƙanwata, wa ke riƙe da lissafinsa?

Wata tsohuwa da nake kula da ita a gidan tsofaffi nan Gotenbag, ƙasar Suwidin, ta miƙo mini wasiƙa ta ce in karanta mata. Tambayoyi ne jere, kowace da ƴan akwatunan sa alama: ƙugun yana ciwo? Kina iya sa tufafi da kanki? Kin gamsu da aikin? Har da ambulan na biyu a ciki, an riga an biya kuɗin aikawa. Aikin da ake tambaya a kai kuwa shekara 10 ke nan da yin sa, lokacin da aka cire mata kan ƙashin cinya aka sa na ƙarfe.

Mutanen nan kundi suke da shi na ƙasa baki ɗaya, na gwiwa tun 1975, na ƙugu tun 1979. Duk asibitin da ya yi irin wannan aiki, na gwamnati ko na kuɗi, yana aika bayani: wa aka yi wa, dama ko hagu, ƙarfen wane kamfani ne, da siminti aka kafa shi ko babu. Kowa yana da lambar ɗan ƙasa, don haka ko a wani gari aka sake buɗe mutum, lambar za ta haɗa aikin farko da na biyu. Likita guda da ya sa ƙarfe goma ba zai gane mai saurin lalacewa ba, sai an tara dubbai wuri ɗaya. Haka kundin Ostareliya da na Ingila suka tona asirin wani ƙugun ƙarfe mai suna ASR na kamfanin DePuy, wanda aka janye a 2010 bayan an sa wa mutum kusan 93,000 a duniya.

Ni abin da ya tsaya mini a rai ƙanwata ce. Emasi gare ta, wato sikila, kun san yadda yake cinye kan ƙashin cinya tun mutum yana da ƙuruciya. Muka yi karo-karo, aka sayar da fili, aka fita da ita waje aka yi mata aiki. Ta dawo Maraɗi da hoton ƙashi da takarda biyu cikin leda, babu inda aka rubuta sunan abin da aka sa mata. Bana ta fara ɗingishi. Likita ya tambaye ta irin ƙarfen, ta kira ni tana cewa, "Yaya, ke kin sani?" Ina zan sani?

Na san za a ce inda zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kwashe yara, wa ke ta kundin ƙarfe. Gaskiya ne. Kuma tsofaffin nan, wasiƙa tana zuwa musu, ƴaƴansu ba sa zuwa, alhali a gida mai jinya ba ya rasa ƴan dubiya da kwanon abinci. Amma dubiya ba ta gaya wa likita girman ƙarfen da zai nema. Mutanenmu nawa ne ke yawo da ƙarfen Indiya, na Masar, na Tunisiya, na Kano? Littafi guda a babban asibiti, da wanda aka ɗora wa rubutawa, ya isa a fara.

Ko alƙaluman da ake kwantar mana da hankali da su ba namu ba ne. Binciken da ya fito a mujallar Lancet a 2019 ya ce kusan 58 cikin 100 na ƙugun ƙarfe suna kai shekara 25. Daga kundayen Turawa aka ɗebo shi, yawancinsu tsofaffi masu zama kan kujera. Ba a auna mai shekara ashirin da ƴan kai ba, mai tsugunno, mai zaman tahiya, mai hawa kabu-kabu, wadda kuma take son haihuwa.

Don Allah duk wanda zai fita da nasa waje, kada ya baro asibitin sai an manna masa takardar da ke kan kwalin ƙarfen, mai suna da lamba. Da ina tare da ita ranar da aka sallame ta, da na tsaya sai an ba mu. Kuɗi kaɗai na aika, kuma har yau ta waya nake jinyarta, ita tana cewa da sauƙi, inna tana cewa kwana take ba barci.